Karin magana a bangon ofishin akanta: muhawarar da ta ɓarke a zauren ma'aikata

Hajiya Manaja: Assalamu alaikum jama'a. Kamar yadda aka tsayar a taron Litinin, Juma'ar ƙarshen wata za mu yi Ranar Al'ada a ofis. Kowa ya zo da shigar garinsu, za a kawo fura da nono da dambu da kilishi. Oga kuma ya ce kowane sashe ya kawo karin magana biyu, a buga su a allo a rataya a ɗakin taro, su zauna nan ko bayan biki. Ku turo naku kafin Laraba.

Malam Odita: Wa alaikumus salam. Mu a sashen bincike ba sai mun yi dogon tunani ba: "Gani ya kori ji" da "Ba a ba kura ajiyar nama."

Anti Haraji: Namu na farko "Rigakafi ya fi magani." Na biyun muna kan shawara.

Kofa: Ina neman afuwar manya, ni ne ƙarami a nan, bautar ƙasa kawai ta kawo ni. Kaya da abinci ban da ja a kansu. Amma rataya karin magana a ɗakin taro kamar daga cikinsu aikinmu ya fito, a ganina yaudarar kai ce. Aikin nan baƙo ne. Tsarin shigar da kowace hulɗa sau biyu, ɗaya a gefen shiga ɗaya a gefen fita, 'yan kasuwar Italiya ne suka raya shi, Luca Pacioli ya buga bayaninsa a Venice a 1494. Kakanninmu da amana da fatar baki suka yi ciniki, ba su ajiye lissafi a rubuce ba. Karin maganarmu ma ta wancan tsarin ce, ba ta namu ba.

Malam Odita: Ƙanena, rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma ka zarce. Shigarwa sau biyu ba tamu ba ce, ban taɓa cewa tamu ba ce. Amma ka ce ba a ajiye lissafi? Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, ƙarni na 15 ke nan. Da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851 ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri kusan 2,500, kuma keso ɗaya wuri 20,000 ne. Mutanen da ke da farashin canji da ma'aunin ƙirga dubbai, ba da ka suke ciniki ba. Fada tana da Ma'aji. Larabawan Gadamas ta ƙasar Libiya da suka zauna a unguwar Dandalin Turawa suna aika wasiƙu gida ɗauke da jerin kaya da farashi da sunan wanda ake bi. Duk a garin nan aka yi, ba a Venice ba.

Kofa: Malam, ai ka taimaki hujjata. Waɗanda ka lissafa fada ce da Larabawa. Ina Bahaushe ɗan tireda? Yau ma ka shiga Kantin Kwari ka ga yadda ake ɗaukar dilar atamfa ta miliyoyi, ba rasit ba sa hannu, sai "ka kawo bayan Sallah".

Anti Haraji: Ɗana, tsaya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ita ce ta 282 a Suratul Baƙara, kuma a kan me take magana? Idan kun ƙulla bashi zuwa wani ajali, ku rubuta shi, marubuci ya rubuta da adalci, wanda ake bi shi zai yi shifta, a kafa shaidu. Duk almajirin da ya sauke ya bi ta kan ayar nan a allo. To yaya za ka ce rubuta bashi baƙo ne a ƙasar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana karanta ta? In mutum bai rubuta ba, sakaci ya yi, ko kunya ta hana shi, amma ba rashin sani ba ne.

Kofa: Anti, kunyar nan ita nake nufi. Ita ce al'adar. Ka ce wa Alhaji ya sa hannu, sai ya ce "Ba ka yarda da ni ba ke nan?"

Baba Masinja: Salamu alaikum. Ni ban yi boko mai zurfi ba amma zan sa baki. Kakana fatauci ya yi, goro suke ɗaukowa daga Gwanja. Mahaifina ya ce kowane ayari akwai madugu, akwai jagaba, akwai kuma malami. Malamin nan ba addu'a kaɗai yake yi ba, shi ke rubuta wa mutane wasiƙa, wanda ya ba wani ajiya ko bashi a gabansa ake yi. Na ga irin takardun a gafakar mahaifina, da ajami, gara ta cinye rabinsu.

Malam Odita: Allah ya saka, Baba. Kuma a nan matsalar take: takardun sun lalace a gafaka da adaka, ba wanda ya kai su gidan adana tarihi, sai jikoki suka ɗauka ba a taɓa rubutawa ba. Alhassan Ɗantata ma daga fataucin goro ya taso kafin gyaɗa. Ana ba da labarin ranar da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, raƙuma 20 na kuɗin azurfa ya kai ajiya. Mutumin da ke raba jari ga wakilai a ƙauyuka su sayo masa gyaɗa, kana jin bai san nawa ke hannun wane ba?

Kofa: Na karɓi maganar Baba. Amma bari in faɗi abin da ya sa na tada zancen, don ba tarihi ne ya dame ni ba. Da muka je ƙidayar kaya a wani siton hatsi, buhunan da ke takarda sun fi waɗanda ke ƙasa. Na ce a sake ƙirgawa layi-layi. Mai kula da siton ya yi dariya ya ce, "Yaro, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima." Da na nace, sai ya ƙara da "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Kowa a wurin ya gyaɗa kai, ni na koma marar kunya. Karin magana biyu aka rufe mini baki da su, kuma babu wanda na ƙirƙira, duk na gado ne. Ku kun tsinci masu daɗin ne za ku rataya, waɗannan fa?

Malama Kashiya: Tun da ya faɗa, ni ma zan faɗa. Ba a sito kaɗai ake yi ba. A ofishin nan an taɓa ce mini "bin na gaba bin Allah ne" saboda na ƙi biyan kuɗi a kan bauca, wato takardar izinin biya, da babu sa hannu na biyu. Ban kama suna ba.

Malam Odita: Malama, in ni ne ki faɗa kawai.

Malama Kashiya: Na ce ban kama suna ba, Malam.

Anti Haraji: To, a yi haƙuri da juna. Amma ɗana, abin da ya same ka a sito bai nuna karin magana ta saɓa wa aikinmu ba. Dattijon ya harbo ka da tasa, kai kuma ka tsaya hannu rabbana. Da ka ce masa "Baba, gani ya kori ji", da waɗanda suka gyaɗa masa kai sun gyaɗa maka. In ya ci gaba da zillewa, akwai "mai kaza a aljihu ba ya jimirin as", sai dai wannan a zuci ake faɗinta, ba a gaban mai kaya ba. Ni shekaruna a aikin haraji, ban taɓa shawo kan ɗan kasuwa da lambar sashen doka ba. Na ce masa harajin VAT, wato na sayen kaya, kashi 7.5 ne kuma sai an kai bayani kafin 21 ga wata mai bi, ya ji kamar bai ji ba. Na ce masa maƙwabcinka tara ta hau kansa, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, washegari ga takardu a leda.

Kofa: Anti, wannan dabarar magana ce, ba ƙa'idar aiki ba. Abin da zai iya kare mai gaskiya ya kuma kare ɓarawo daidai wa daida, bai cancanci bango ba. Ƙa'ida ta ce a ƙirga, ba ta da 'yar'uwa da ke cewa kada a ƙirga.

Malam Odita: Ba ta da ita? Ka manta muna ƙyale ƙananan bambance-bambance in ba su kai su canza hukuncin mai karanta rahoto ba? Ka manta samfuri muke ɗauka, ba kowane rasit muke dubawa ba? Wannan shi ne ido ya san ƙima, sai dai mu muna rubuta dalili a fayil mu sa hannu. Laifin mai siton ba karin maganar ba ce, laifinsa ya kawo ƙiyasi a ranar da aka zo ƙirga.

Kofa: Rubuta dalilin da sa hannun, su ne duk bambancin, Malam. Kuma su ne babu a karin magana.

Sista Sabon Gari: Ina ta karantawa ban ce komai ba. Ni a Kano aka haife ni, Hausa na fara ji kafin Yarabanci, amma Ranar Al'ada aka ce, ba Ranar Hausa ba. Akwai Kanuri a ofishin nan, akwai Fulani, akwai 'yan Kudancin Kaduna. Allon na kowa ne ko kuwa?

Hajiya Manaja: Na kowa ne, 'yar'uwa. Kowa ya kawo da harshensa, a sa fassara a ƙasa.

Oga: Na bi zancen tun daga farko. Kofa, kada ka ji komai, ka yi daidai da ka nace a sake ƙirga, kuma ka turo mini takardar ƙidayar nan gobe da safe. Malama, ki zo ofishina da baucar da kike magana. Nawa karin maganar ɗaya ce, saboda masu binciken da suka daɗe da kamfani guda har suka saba da shan shayin akantansa: "Sabo da kaza ba ya hana yanka."

Anti Haraji: Ranka ya daɗe, a ɗakin da muke zaunar da masu kawo mana aiki? Alhaji ya ɗaga kai ya ga maganar yanka, ai ba zai dawo ba.

Oga: To a kai ta ofishin masu bincike, can ake buƙatarta.

Kofa: Yallaɓai, ni har yanzu ina kan bakana cewa ado ne. Amma in za a rataya, ina roƙon a bar "abin da babba ya hango" a waje.

Malam Odita: Ba wanda ya kawo ta ai.

Baba Masinja: Hajiya, ni ba ni da sashe, amma a sa tawa: "Bashi hanji ne, yana cikin kowa."

Anti Haraji: Haba Baba, wannan ai ita ce mafakar masu taurin bashi.

Baba Masinja: Su fake, Anti. Ni dai kuɗin shayi da burodin da nake sayo wa mutane da aljihuna, duk ina rubutawa a ɗan littafina da kwanan wata. Zan zo da shi ranar Juma'ar. Sunan kowa yana ciki, har na Oga.