Gita tana ɓacewa cikin babbar ƙungiyar kiɗa: ina gyaran yake?

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum masana. Ƙungiya ce mai mutum goma sha biyu a nan Maraɗi: gita biyu, bas, piyano, turumfet biyu, kalangu, ganguna da ƴan amshi. Da zarar an haɗu, ba a jin gita ko kaɗan, in kuma aka ƙara mata murya sai ta danne mawaƙi. Shin gita tana da gurbi a babban taron makaɗa kuwa? Na ga ko a okestirar Turawa da wuya a gan ta.

Malam Na-Mokoyo:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dalilin da ya sa ba ka cika ganinta a okestira ba, ita gita taɓa tsirkiya ake yi, sautin ya fito ya mutu nan take. Gogen Turawa kuwa, muddin ana jan baka sautin yana nan, kuma su wajen talatin ne a okestira mai mutum tamanin zuwa ɗari. Shi ya sa mai tsara kiɗa, in yana son a ji gita, sai ya buɗe mata fili. Mahler, mai tsara kiɗa na Ostiriya, ya sa ta a simfoninsa (dogon kiɗan okestira) ta bakwai, wadda aka fara kaɗawa a 1908, amma a kashi na huɗu kaɗai, inda ya sa manyan kayan busa suka yi shiru. Rodrigo na Sifen, a shahararren kiɗan da ya tsara wa gita da okestira a 1939, karɓa-karɓa ya sa suke yi: in gita na magana sauran su sassauta. Ko da haka, yau a manyan zauruka sai an sa mata makirfo.

To ku ma ku fara da tsari kafin ku taɓa na'ura. Gita biyu kada su yi aiki ɗaya. Makaɗan Kongo sun daɗe da raba aikin uku: mai solo a can saman wuyan gita, mai rakiya a ƙasa, sai na tsakiya da suke kira mi-solo. Ku da kuke da biyu, ɗaya ya riƙe rakiya daga gaɓa ta biyar zuwa ta tara a wuyan gita, ɗayan ya jira gibin da mawaƙi ya bari tsakanin baiti da amshi, ya amsa masa kamar yadda mai gurmi ke yi. Mai rakiya ya daina share tsirkiya shida gaba ɗaya. Biyu ko uku sun isa, a kan tsirkiyoyin re, sol da si. Mi da la masu kauri na mai bas ne, a bar masa. Mai gita Freddie Green ya yi shekara hamsin a ƙungiyar jaz ta Count Basie a Amurka, daga 1937 zuwa 1987, da gitar da ba ta da amfili (na'urar ƙara murya), bugu huɗu a kowane awo, sauti biyu ko uku kawai, a gaban masu busa fiye da goma.

Wani abu kuma: yawancin waƙoƙinmu a kan sauti biyar suke tafiya. Akor cikakke (sautuka da yawa da ake kaɗawa tare) irin na littafin koyo yakan kawo sautin da babu shi a waƙar, sai ka ji yana karo da muryar mawaƙi. A kaɗa tushe da na biyar ɗinsa kawai, ko a bi karin waƙar tsirkiya ɗaya-ɗaya.

Mai Miksa Sabon Gari:
Malam ya gama magana kan tsari, ga ta na'ura. Mi mai kauri tana wajen hertz 82 (ma'aunin kauri ko sirantar sauti), wato cikin gonar bas. A kan miksa, a yanke duk abin da ke ƙasa da 100 zuwa 120 a layin gita. A rage kaɗan tsakanin 200 da 400, nan ne gita da piyano da kalangu ke cunkushewa sauti ya zama kunu. A ɗaga kaɗan wajen 2,000 zuwa 3,000, amma da hankali, don nan kalmomin mawaƙi suke fitowa.

Amfili kada a ajiye shi ƙasa yana yi wa gwiwar makaɗi kiɗa. Ba ya jin kansa, sai ya yi ta murɗa murya. A ɗora shi a kan kujera, a karkata shi ya kalli kunnensa. Makirfo irin Shure SM57 a kusantar da shi kamar yatsa biyu daga ragar lasifika, a ɗan kauce daga tsakiya. Wayar gita kada ta wuce mita shida, doguwa tana cinye kaifin sauti. In kuna jin gurnani a janareta, amfili da miksa su sha wuta daga layi ɗaya, a raba su da na fitilu.

Ɗan Bagalam:
Na gode ƙwarai. To me ke sa gita da turumfet su saɓa bayan an yi waƙa biyu ko uku, alhali an daidaita su tun farko?

Malam Na-Mokoyo:
Zafi ne. In tsirkiya ta ɗumama sai ta saki, sautinta ya sauka. Turumfet kuwa in ta ɗumama hawa take yi, ka ga kowa ya kama gabansa. A watan Afrilu, a filin biki da la'asar, abin ya fi muni. Ku daidaita kan sautin la mai hertz 440 bayan masu busa sun ɗumama kayansu, a sake dubawa bayan kowace waƙa biyu, kuma kada a bar gita a rana ko jingine da amfili mai zafi. Sabuwar tsirkiya a ja ta da yatsa sau uku ko huɗu ana sake ɗaurewa, kwana ɗaya kafin wasa. Ka kuma tabbata ba saɓanin suna ba ne: turumfet ta si bemol ce (rabin mataki ƙasa da si), in mai ita ya ce do, kai si bemol za ka kama. Masu busa sun fi sakewa a fa da si bemol da mi bemol, don haka mai rakiya ya tanadi kapo, abin da ake ɗaurawa a wuyan gita ya danne tsirkiyoyi duka, a aljihu. In ya ɗaura shi a gaɓa ta ɗaya, kamun la ya zama si bemol, kamun re ya zama mi bemol.