Sankarar hanta a gida ɗaya: gadonta ake yi, ko daga rumbu take fitowa?

Malamin firamare: Assalamu alaikum. Mahaifina da ƙanensa duka sankarar hanta ce ajalinsu, shekara uku tsakani, kuma babu wanda ya kai shekara 55 a cikinsu. Ba su shan taba, ba su taɓa kusantar giya ba. Saboda haka na tsaya a kan cewa cutar nan a jini take, ana gadonta kamar sikila, kuma wanda ya gada ba shi da wata dabara sai addu'a.

Ma'aikaciyar jinya: Allah ya jiƙansu da rahama, Malam. Gaskiya ne kowace sankara daga ɓacin ƙwayoyin gado take farawa, amma ɓacin da ake haihuwar mutum da shi daban, wanda ya same shi a tsawon rayuwarsa daban. Wadda ake gada daga iyaye ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na dukkan sankara ba, kuma fitaccen misalinta shi ne ɓacin ƙwayoyin gadon da ake kira BRCA1 da BRCA2, mai jawo sankarar mama da ta ƙwan mace. Ita hanta, abin da ya fi bin dangi shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda uwa ke shafa wa jariri wajen haihuwa, ko yara su shafa wa juna tun suna ƙanana. Yana iya zama a jiki shekara talatin babu ko ciwon kai, sai a ga 'yan gida ɗaya suna faɗuwa a ce gado ne.

Ɗalibin likitanci: Anti, akwai magana ta uku da ba a kawo ba. A 2015 masana biyu na jami'ar Johns Hopkins a Amurka, Tomasetti da Vogelstein, sun nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na bambancin haɗarin sankara tsakanin sassan jiki yana bin yawan rabuwar ƙwayoyin halitta ne, domin duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu tana iya yin kuskure wajen kwafar saƙon gadonta. Ke nan sau da yawa ba laifin iyaye ba ne, ba kuma laifin abinci ba.

Malamin gona: Ɗana, wannan bincike da alƙaluman Amurka aka yi shi, kuma hukumar binciken sankara ta duniya da ke Lyon a Faransa ta yi masa raddi tun a watan da ya fito. Ni abin da idona ya gani zan faɗa. Idan ruwan ƙarshen damina ya doki gyaɗa bayan an cire ta, aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba, aka jingine buhun a ƙasan ɗaki, bayan 'yan makonni za ka ɓare kwanso ka tarar da ƙwayar ta yanƙwane, da wata fumfuna kore-kore mai ɗaci a baki. Gubar da fumfunar ke fitarwa ita ake kira afalatoksin, kuma an gano ta ne bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin gyaɗa da aka kai daga Barazil. Abin da ya fi damuna shi ne, bayan an tsince mai kyau an kai kasuwa, wannan ruɓaɓɓiyar ba a zubar da ita. A kan sayar da ita da araha, ko a bar ta a gida a ci. Masara ma haka take yi.

Hajiya mai ƙuli-ƙuli: Malam, a yi mana adalci. Shekara ashirin ina wannan sana'a, kakata ma da ita ta rayu har ta haura tamanin. Gyaɗar nan ana soya ta, a niƙa, a matse mai, a sake soya tunkuzar a tafasasshen mai. Wace guba ce za ta tsallake wuta biyu?

Malamin gona: Hajiya, wutar tana kashe fumfunar, amma gubar tana jure zafin girki, tana raguwa dai amma ba ta ƙarewa. Tsincewa kafin suya ita ce ke aiki. Akwai kuma Aflasafe, maganin rage gubar da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, wanda ake watsawa a gona makonni biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure.

Ɗalibin likitanci: A kan hanta dai na sauko, domin gubar tana barin tambarinta. A 1991 an duba sankarar hanta ta mutanen Qidong a ƙasar Sin da ta kudancin Afirka, aka tarar da ɓaci iri ɗaya a gurbi na 249 na TP53, ƙwayar gadon da aikinta shi ne tsayar da ƙwayar halittar da ta lalace kafin ta yaɗu. Da wuya a ga wannan tambari a ƙasashen da abincinsu ba shi da gubar. Idan kuma ta haɗu da ciwon hanta nau'in B, haɗarin yakan ninka sau da yawa fiye da na kowannensu shi kaɗai. Sai dai har yanzu ina kan bakana cewa kakar Hajiya ta ci gyaɗar nan ta tsira, wani ya ci bai tsira ba, kuma a nan ne kuskuren kwafi yake shigowa.

Malamin firamare: Rumbu ɗaya suka ci tun suna yara, wannan ba zan musa ba, kuma ban taɓa jin an yi wa ɗayansu gwajin ciwon hanta ba sai da ciki ya kumbura. Amma ƙanwarsu daga tukunyar nan ta ci, ga ta nan da ranta, don haka ban janye batun jini gaba ɗaya ba. Anti, mu 'ya'yansu goma sha ɗaya, me za mu nema a asibiti?

Ma'aikaciyar jinya: Ku nemi gwajin HBsAg, wato gwajin ciwon hanta nau'in B, ɗigon jini kaɗan ne. Wanda ba shi da cutar a yi masa allurar riga-kafi sau uku, wanda yake da ita likita ya riƙa duba hantarsa da hoto duk wata shida. Matanku masu ciki su ma a gwada su, kuma jariri ya samu allurarsa cikin awa 24 da haihuwa. Ku tafi da gwaggon taku.