Idan Lambar Yabo Ta Ɓace Daga Takardar Sallamar Soja a Amurka

Da tsofaffin sojojin Amurka suka tattauna matsalar, bakinsu ya zo ɗaya: a fara da ciro takardar sallama, wato DD-214, a duba gurbin da ake jera lambobin yabo. Wani lokacin ba sakaci ba ne. Lambar hidimar tsaron Koriya, alal misali, sai a 2002 aka ƙirƙiro ta, amma ta haɗa da waɗanda suka yi aiki can tun 1954, don haka wanda aka sallama kafin a ƙirƙiro ta ba zai gan ta a takardarsa ba.

Daga nan a cike fom SF-180, a nemi fayil ɗin mutum daga ma'ajiyar bayanan sojoji da ke St. Louis. Nan ake shan wuya, domin gobarar 1973 ta cinye fayiloli sama da miliyan 16. Shi ya sa suka nanata a tono tsohuwar akwati a gida: takardar umarnin ba da lambar, ko da ta yi ja ta yayyage, ta fi dogon bayani.

In abin ya ci tura, sai fom DD-149 zuwa hukumar gyaran bayanai ta rundunar mutum. Wa'adin shekara 3 ne daga gano kuskuren, kodayake hukumar kan ɗaga ƙafa. Kwafi ake aikawa, asalin takarda ta zauna gida.