Abin da aka tattauna kan man turare mai ƙamshin lemo da sauro

'Yan uwa, ga abin da na tsinto daga doguwar muhawararmu kan ko man bishiyar turare mai ƙamshin lemo (lemon eucalyptus) yana korar sauro.

1. Kusan kowa ya yarda yana korar sauro, amma wanda aka sarrafa, mai PMD, sinadarin da ke korar sauron. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sa shi cikin waɗanda ta amince da su. Maganin shafawa mai kashi 30 cikin ɗari na wannan man kan ba da kariya ta kusan awa 6. In an yi gumi ko alwala, a sake shafawa.

2. Nan aka fi ruɗewa: ɗanyen man da ake sayarwa a 'yan kwalabe don ƙamshi daban ne, ƙarfinsa ba ya daɗewa. Bishiyoyin turaren da suka cika Jos ma ba dukansu ne wannan irin ba.

3. Kada a shafa wa yaron da bai kai shekara 3 ba. Don Allah iyaye mata, wannan ya fi damuna. A kiyaye ido, baki da ciwo. A fara gwadawa a bayan hannu.

4. An rabu kan ƙona ganyen a kasko. Wasu sun ce sun ga amfani, wasu suka ce hayaƙin na tayar da asma.

Babu wanda ya ce a ajiye gidan sauro, musamman da damina.