Hirar zaure ta 2025, kafin a rufe filin wasan Maryland: ina makomar jirgin lilon katako?

Maman Yusra: Assalamu alaikum 'yan zaure. Kun ji dai Six Flags America da ke nan Maryland za su rufe ranar 2 ga Nuwamba 2025. Abin da ya tsaya min a rai shi ne jirgin lilon katakon nan mai gudu a kan dogo yana hawa da gangara (roller coaster), Wild One. A kansa Yusra ta fara daina tsoro, ta riƙe hannuna gam har muka sauka tana cewa a sake. Tun 1917 aka gina shi. Akwai abin da mutum irina zai iya yi kada a rushe shi? Kuma ina zan kai yara su hau irinsa?

Baban Khalil: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki tukuna, wannan jirgin ya taɓa tsallake irin wannan ranar. Asalinsa a Paragon Park yake, jihar Massachusetts, sunansa Giant Coaster. Da filin ya mutu a 1984 aka kwance shi aka kawo nan, ya ci gaba da aiki a 1986. Wurin zuwa kuwa, filin wasan Knoebels a Pennsylvania. Ba a biyan kuɗin ƙofa, abin da kika hau shi za ki biya. Ki hau Phoenix. Shi ma ɗan gudun hijira ne: a San Antonio ta Texas yake da sunan Rocket, filinsa ya rufe a 1980. Mutanen Knoebels suka saye shi ba su da zanen ginin, sai suka bi katako ɗaya bayan ɗaya suna rubuta masa lamba, suka loda a manyan motoci, suka harhaɗa shi ya tashi a 1985. Na tsaya a ƙarƙashinsa lokacin da jirgin ya wuce, ƙusoshi da gungume duk suna amsawa, har a ƙirjinka kake jin rugugin.

Kawu Kafinta: Ni aikina katako ne, shekara ashirin a Ohio, don haka bari in faɗa muku inda gizo ke saƙar. Babban maƙiyin jirgin nan shi ne a bar shi tsaye babu aiki. Muddin yana gudu, kullum da safe akwai masu bin layin da ƙafa, suna ɗaure noti, suna cire ruɓaɓɓen katako su sa sabo. Layin kansa falle-fallen katako ne aka jera bisa juna, aka shimfiɗa ƙarfe a sama. Ranar da aka sallami waɗannan ma'aikata, ruwa da ƙanƙara su ne za su gaje su. Kamar gidan ƙasa ne a gida, in an daina yaɓe, damina biyu ta isa. Big Dipper na Geauga Lake a nan jiharmu, ginin 1925, filin ya rufe a 2007, ya yi shekara tara a tsaye ciyawa na cinsa, aka yi ta maganar masu saye, ƙarshe aka rushe shi a 2016. Na wuce ta wurin kafin a rushe, wallahi sai da idona ya ciko. Shawarata: duk abin da za ku yi, ku yi shi bana, kafin hunturu na biyu.

Maman Yusra: Allah sarki. To Kawu, in aka sa shi cikin kayan tarihi na gwamnati fa?

Kawu Kafinta: Yana taimakawa, 'yata, amma takarda ba ta sayen katako. Sai da mai shi da zai kula da shi.

Anti Bilki: Gaskiya ne, amma kada a raina taron jama'a. Giant Dipper na San Diego an rufe shi a 1976, har gobara ta taɓa shi. Mutanen gari ne suka kafa kwamiti, suka tara kuɗi, suka yi masa fenti da hannunsu, ya dawo aiki a 1990. Leap-The-Dips na Altoona ma, ginin 1902, ya tsaya a 1985, sai 1999 ya farfaɗo. Maman Yusra, ki nemi ƙungiyar American Coaster Enthusiasts, tun 1978 suke wannan aikin kuma suna da asusun gyara. Sannan ki rubuta wa wakilin unguwarku a majalisar gundumar Prince George's, inda filin yake, tunda maganar abin da za a yi da filin sai ta bi ta wajensu.

Baban Khalil: Ƙari a kan na Anti: ku ɗauki hoto da bidiyo sosai, har na ginshiƙai da inda aka haɗa katako, ba fuskokinmu kaɗai ba. Masu gyara irin waɗannan suke nema. In kuma kun shiga New York, Cyclone na Coney Island yana nan tun 1927. Astroland, filin wasan da ke tafiyar da shi, ta rufe a 2008 amma shi ya tsira, domin mallakar birnin ne.

Maman Yusra: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yau da dare zan yi rajista da ƙungiyar. Asabar mai zuwa za mu je Wild One da yara, akwai wuri uku a motata. Kawu, in za ka iya saukowa, ka zo ka nuna min wuraren da ya kamata in ɗauka.

Kawu Kafinta: In sha Allahu zan zo, da tef ɗin awona.