Neman shawara kan tallafin gidauniya ga ƙungiyarmu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna da ƙungiyar mata a Pantami, cikin garin Gombe, muna koya wa marayu ɗinki. Wata gidauniya ta buɗe ƙofar tallafi, amma sharaɗinta kuɗi ba ya shiga asusun mutum, sai na ƙungiya.

Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, muna da ita, har da lambar haraji. Banki kuma ya ce kafin ya buɗe mana asusun ƙungiya sai mun kawo takardar SCUML, wato sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram. Mun cike fom ɗin nema, muna jira, ga shi ƙarshen wata gidauniyar za ta rufe karɓar takardu.

Don Allah, gidauniya kan karɓi shaidar cewa mun nema? Ko mu shiga ƙarƙashin wata babbar ƙungiya mai asusu? Shugabarmu dai tana tsoron kada a ci rabon yaran.