Alwatikan da babu wanda ya zana shi

Baban Amira: Jama'a, raina a ɓace yake. Na nuna wa 'yan ajina hoton nan da masanin halayyar ɗan Adam Gaetano Kanizsa ya fitar a Italiya a 1955: baƙaƙen da'irori uku, kowacce an ɓantare mata gefe kamar an yanki kankana, bakunan suna fuskantar juna. Duk yaran suka ce ga farin alwatika a tsakiya, har ya fi sauran takardar haske. Na dora murafen kwalba a kan da'irorin, alwatikan ya ɓace. Na ce musu ba a ja layi ko ɗaya ba, ƙwaƙwalwa ce ke yaudarar mu. Washegari wani uba ya zo wai ina koya wa 'ya'yansa tsafi!

Malam Habu: Yaudara ka ce? Allah Ya kyautata halittar ɗan Adam, kai kuma ka ce tana yaudara? Janye kalmar nan, Malam.

Ummu Khalid: Cike giɓi ƙwaƙwalwa ke yi, Malam Habu. Idan rabin akuya ya ɓuya bayan dangar kara, ai ba ka cewa rabin akuya ce. A 1984 wani masani, von der Heydt, da abokan aikinsa a Zurik ta ƙasar Suwizalan sun auna ƙwayoyin ƙwaƙwalwar birai a sashen gani da ake kira V2, suka ga suna amsa layin da babu shi kamar na gaske.

Malam Habu: Yanzu kuma da birai za a kwatanta mu?

Ɗan Damagaram: Idan ka ga abin da babu, an yaudare ka. Kawalwalniya a hanyar Agadas fa, me za mu kira ta?

Ummu Khalid: Wannan zafi ne ke lanƙwasa haske, ba ruwan ƙwaƙwalwa.

Sani Kurna: Hajiya, kullum bayan Baban Amira kike, don mijinki abokinsa ne.

Ummu Khalid: Sani, ka kiyaye ni. Mijina bai shigo zancen nan ba.

Baban Amira: Ni fa maganar uban nan na kawo.

Sani Kurna (mai kula da zaure): To, na rufe. Abin da aka tsayar: kalmar yaudara ba ta dace ba, kamar yadda Malam Habu ya faɗa tun farko, kuma dole Baban Amira ya nemi afuwar uban yaran. Zancen birai babu wanda ya gani da idonsa.